Yabo a Gaban Mai Riƙo

Bin Mahmud, Doha
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, ke da Malam Baballe da duk wanda ke cikin gidan nan na Kazaure. Yaya gwiwar? An ce mini har yanzu a zaune kike nafila. Allah Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa, har famfon ruwan sanyi ma ruwan zafi yake ba mu. Maigidana Injiniya yana gaishe ku. Kuka da daddawar da kika aiko ta hannun Haladu direba sun iso, na je unguwar Najma da kaina na karɓo.

Na rubuta ne kamar yadda muka saba, in ɗauki hoton takardar in turo, tunda kunnenki ba ya shiri da waya, ni kuma bakina ya fi alƙalamina saurin kuskure.

Yaya, bana shekara ashirin ke nan da kika ɗora mini Kausar a cinya tana 'yar shekara huɗu, kika ce tunda Allah bai ba ni haihuwa ba, ga 'yarki ta fari in riƙe. Kakanninmu ne kawai suka haɗa uwa, amma kin yi mini abin da ko shaƙiƙiya ba lallai ta yi ba. Ban manta ba, kuma ba na so ki karanta abin da ke ƙasa kamar na manta.

Kausar ta gama kundin digirinta na biyu. Kin san a kan abin da malaman Yahudawa na dā suka koyar game da alheri da gyaran hali ta rubuta. Da farko hankalina bai kwanta ba, har na tambayi malaminmu na karatun Asabar. Ya ce sanin abin da wasu suka faɗa a kan kyawun hali ba ya cutar da wanda ya san nasa addinin. Na dai roƙe ta kada ta riƙa ɗauko zancen a gidan suna.

Ga abin da na tsinta daga bakinta. Wai a wurinsu hali abu ne da ake koyo kamar sana'a, ɗaya bayan ɗaya, wasunsu har mako guda suke ware wa hali guda. Wai kuma alheri ya fi sadaka faɗi, domin sadaka sai da abin hannu kuma sai ga mabuƙaci, shi kuwa alheri da jiki ma ana yin sa, ga mai shi da marar shi, ga rayayye da wanda ya rasu. Wanda ake yi wa mamaci shi suke kira alheri na gaskiya, tunda ba zai tashi ya gode ba.

To tun ranar da ta karanta wannan, Yaya, ba a sake cin abinci a gidan nan babu ke ba. Inna shekara talatin tana wanke matan unguwa in sun rasu. Inna ko sabulu ba ta karɓa. Inna ta wanke matar da ta taɓa zaginta a gidan biki. Ran Juma'a na yi mata dambu da zogalen da na sha wahalar samu, ta ɗebo loma ta tsaya da ita a hannu, ta ce, "Umma, kin san Inna da gwiwar hannu take taɓa ruwan wankan, wai kada ya yi wa gawa zafi?"

Na ce, "Masha Allah."

Injiniya ya ce, "To ki ci dambun nan kafin shi ma ya buƙaci Inna."

Suka yi dariya, ni ma na yi.

Ga ainihin maganar. Malamarta ta samar mata aikin mataimakiya a jami'ar, ana jiran amsarta zuwa ƙarshen watan Yuni. Ita kuwa ta ce ba za ta karɓa ba. Kazaure take so ta zo, ta zauna da ke, ta koyi wankan gawa a hannunki. Na tambaye ta ranar dawowa, ta ce ba ta sa rana ba.

Ba cewa nake ki hana ta ba, Allah Ya tsare ni da shiga tsakanin uwa da 'ya. Sai dai yarinyar da ta girma a cikin esi, wadda ko kyankyaso ta gani sai ta kira Injiniya, ina ita ina wannan aiki? Irin aikin da aka yi mata tayi kuma ba kullum ake samu ba. Kalma ɗaya daga bakinki yanzu ta fi tawa ɗari. Na duba zuciyata kafin in rubuta, ban ga komai a ciki ba sai tausayinta.

Ƙanwarki,
Haulatu

*

Kazaure
11 ga Mayu

Haule,

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, in hadari ya haɗu sai ta riga kowa sani. Malam yana amsawa, ya ce a gaya wa Injiniya hular da ya aiko ta yi masa yawa, amma yana sawa a haka don mutane su tambaya daga ina.

Ashe har Yahudawa sun san da ni ban sani ba! Na karanta wa Habiba maƙwabciyata, ta ce daga yau sai ta riƙa gaishe ni da rusunawa. Ki gaya wa 'yarki ta rage. Gwiwar hannun da take faɗa, tafina ne ya mutu da wanki da surfe, ba ya bambance ruwan zafi da na sanyi. Sabulun kuwa, irin wanda suke kawowa ƙaiƙayi yake sa ni. Matar da ta zage ni, in ban wanke ta ba wa zai wanke ta? A unguwar nan mu biyu muka iya, ɗayar kuma ta tafi Kano aikin ido. Aiki ne kawai, Haule, wani ya yi ko a bar mace a kwance.

Maganar zuwa, ni ban kira ta ba. Ta faɗa mini a waya, na ɗauka irin zancen 'yan makaranta ne da ke wucewa. Kin ce in yi magana. Me zan ce wa wadda ban taɓa yi wa ko kitso ba tun tana shekara huɗu? Ni dai abin da zan ce miki, ki sake ta
tunda ba yarinya ba ce. Abin da ta zaɓa, mu bi ta da addu'a.

An yi ruwan farko daren Talata, Malam har ya fara zancen iri. A gaida Injiniya. A gaida ita ma.

Safiya

*

Bin Mahmud, Doha
29 ga Mayu

Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Mu ma lafiya. Ki yafe jinkirin amsa. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

"Ki sake ta." Na karanta har na haddace yadda kika ja wutsiyar harafin ƙarshe. Ban san ɗaure ta na yi ba, Yaya. Na ɗauka riƙo kika ba ni.

Ba gori nake ba, Allah Ya sani. Amma ni na zauna da ita a asibitin Zariya lokacin ƙyanda. Ni na riƙe mata allo har ta sauke. Lokacin da aiki ya kawo Injiniya ƙasar nan, wata takwas na ƙi biyo shi, ina yawon ofis-ofis da takardunta, don na ce ba zan hau jirgi in bar ta ba. Duk wannan ba ya cikin kundinta. Na duba. Shafin farko ma, inda ake sadaukarwa, sunanki ne shi kaɗai a tsakiya, mu kuma muna can shafi na biyu cikin waɗanda aka gode wa, tsakanin malamarta da ma'aikatan laburare. Ashe alherin da ake yi wa mai rai yana da wannan aibi: mai ran yana girma ya saba da shi.

Akwai abin da ya faru da ya kamata ki ji daga gare ni. Ran Alhamis da la'asar mun je kasuwar Suƙ Waƙif sayen turaren wuta, ni da ita da Shakira matar likitan da ke hawa na uku. A shagon ta hango kafur, ta ɗauko tana shinshinawa, ta ce, "Irin wannan Inna take sawa a ruwan ƙarshe. Anti Shakira, ba ki san Innata ba. Wallahi ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba."

Shakira ta ce, "Kai, Allah Ya bar mana irinsu."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Mai tausayin nan ai ita ta miƙa ki kina kuka kina riƙe da zaninta. Ɗaya bayan ɗaya ta ɓamɓare yatsunki, ta juya ta shige gida, ko waiwayowa ba ta yi ba. Matattu take tausayi."

Ba da ƙarfi na faɗa ba, kin san muryata. Amma sun ji. Kausar ta ajiye kafur ɗin a hankali kamar zai fashe. Mai shagon, da ba ya jin Hausa, ya yi ta cewa zai rage mana. Muka fito muka hau jirgin ƙasa muka koma gida.

Na auna maganar ta kowace fuska, ban ga ƙarya a cikinta ba. Ina wurin, da idona na gani. Abin da ya sa nake istigfari tun ranar, shi ne ban sani ba.

Kin ce in sake ta. To na sake ta. Ban ƙara yi mata zancen aikin ba.

Haulatu

*

Kazaure
2 ga Yuni

Haule,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

Da takardarki ta zo na ce yaushe na ce a sake ta? Na ɗauko tawa daga ƙarƙashin katifa, na sa Habiba ta buɗe hoton da Malam ya tura miki, muka jera su. Layin nan shi kaɗai ya kai bakin takarda, Malam kuma ya ɗauki hoton a karkace ya yanke shi. "Ki sake tambayarta" na rubuta. Tambayarta, Haule! Ki sake tambayarta tunda ba yarinya ba ce. Na nuna masa, ya ce ai shi ya ga duk baƙaƙen sun fito. Yau kwana biyu ke nan da kansa yake ɗumama tuwonsa.

Amma ba Malam ne ya buɗe bakinki a kasuwa ba.

'Yarki ta kira ni washegari. Ba ta gaishe ni ba ma sosai, ta ce, "Inna, da gaske ba ki waiwayo ba?" Na ce da gaske. A kan haka katin ya ƙare. Me zan ce mata? 'Yar fari ce, ko sunanta ba na iya kamawa. Ke zan gaya wa. Ban waiwayo ba don na san in na waiwayo ba za ki fita da ita daga zauren nan ba. Ke kuma a ranar, kin manta yadda kike? Sati biyu da likita ya gama yi miki bayanin ba za ki haihu ba, kin rame kamar a hure ki. Na shige bayan rumbu na tura zani a baki don kada ku ji.

Kuma da kike ta ƙorafin ana cin abinci da ni, kina tsammani ke kaɗai ake ciyarwa da yabon wata? Shekara ashirin duk kiran da za ta yi, Umma ce. Umma ta iya ƙira'a. Umma ba ta taɓa ɗaga murya ba. Umma ko hijabi sai ta goge. Ranar saukarta aka turo mini hoto, kin rungume ta, kanta a kafaɗarki, na ce wa Habiba ai kowa ya samu esi da injin wanki zai yi haƙuri. Na faɗa, kuma na san ba gaskiya ba ne. Ke take kira Umma. Ni Inna, sunan da kowane mai tallan manja yake kirana da shi.

Watanni uku kacal aka yabe ni a gidanki kika kasa ɗauka.

Ba zan ce ta zo ba, ba zan ce kada ta zo ba. Ina so ta zo, wannan kam ba zan ɓoye miki ba. Na riga na sa an gyara rufin ƙaramin ɗaki, na ce wa Malam don damina ne. Ki tambaye ta, ki bar ta ta amsa.

Safiya

*

Bin Mahmud, Doha
16 ga Yuni

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, kuma ina roƙa masa sassauci a kan tuwo. Yaya gwiwa da damina? Mu nan lafiya, zafi ya kai inda ko tsuntsu ba ka gani a waje kafin magariba.

Ki yafe mini, Yaya. Abin da na faɗa a kasuwa giba ce, kuma na san sunanta tun ina faɗa. Na je har hawa na uku na gaya wa Shakira abin da ban gaya mata ba ranar, wato dalilin da ya sa kika ba ni yarinyar. Bayan rumbu kuwa ban sani ba sai yanzu. Na karanta wurin, na kasa ci gaba sai da na tashi na yi alwala.

Kafin takardarki ta zo wani abu ya faru. Ina yankan kuɓewa Kausar ta shigo kicin, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Umma, ki yafe mini, laifina ne."

Na ce, "Laifin me? Ni na yi magana."

Ta ce a cikin abin da ta karanta akwai wanda suke kira ƙurar mugun harshe. Ba zagi ba ne, ba giba ba ce, amma yana tayar da su. Ciki har da ka yi ta yabon mutum a gaban wanda yabon zai yi wa nauyi, har ka ja shi ya faɗi aibinsa. Ta ce, "Na rubuta shafi goma a kai, Umma, ban ga ina yi a kan teburinmu ba."

Yaya, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ma'anar maganarta ita ce ta gane. Ni da na rubuta miki cewa na duba zuciyata ban ga komai ba, ashe yarinyar da na koya wa alwala tana ganin hassadar daga inda take zaune.

Daga ranar ta daina ambatonki ɗungurungum. In wayarki ta shigo sai ta fita baranda cikin wannan zafi. Na samu abin da nake so, kuma ban taɓa cin abinci marar daɗi irin na makon nan ba. Na raba 'ya da sunan uwarta a cikin gidana, ina sallah biyar a kan haka.

Da na ga ba zan iya ba, na ce mata, "Su malaman naki, in mutum ya kamu da wannan, me suke cewa ya yi?" Ta ce suna da abin da suke kira kyakkyawan ido, wato ka ga alherin da ke wurin wani ka ji daɗi. Wai ba a jira sai zuciya ta yarda, da aiki ake farawa, ita ta biyo baya. Na ce wannan ai mu ma an koya mana, yi ne ba mu yi ba. Na ɗaukar wa kaina mako guda: kullum in an zauna cin rana, ni da bakina zan faɗi alherinki ɗaya.

Ranar farko na ba su labarin yadda kika goya ni kika tsallake rafi da ni ranar bikin Gwaggo. Ta biyu, yadda kike raba naman layya ki manta da gidanki. Ta uku na faɗi bayan rumbu, da izinin da ban nema ba, ki yafe. Kausar ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe. Ta huɗu na zauna na rasa abin faɗa, zuciyata ta ƙi, sai na ce, "Tana da haƙora masu kyau." Injiniya ya ƙware da ruwa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, an gama da halaye an koma jiki." Ita ce dariyar farko a gidan nan tun ranar kasuwa.

Jiya na tambaye ta. Na zaunar da ita, na ce ta faɗa mini abin da take so, ba abin da zai yi mini daɗi ba. Ta ce, "Umma, na san ki ciki da waje, har tarinki ina ganewa a cikin mata ɗari. Ita kuwa sai a waya. Na yi ta yabonta ne don ban san ta ba. Ina so in je in ga tana faɗa, in ga tana rowa, in san ta kamar yadda na san ki."

Na ce, "Za ki gani kuwa."

Ta rubuta wa malamarta ta ba ta haƙuri. Jirginta ranar tara ga Yuli ne, ta Abuja, Injiniya zai turo wa Malam lokacin sauka a Kano. Ban sake tambayar ranar dawowa ba.

Kada ki ɗauka na warke. Da na ji zancen rufin ƙaramin ɗaki sai da wani abu ya soke ni, na ce wato har an gyara. Mako guda bai ishe ni ba, na ƙara wani.

Ba ta cin yaji sosai, amma ba za ta faɗa ba. In ta yi shiru tana murza zoben hannunta, kanta ne ke ciwo. Ranar da za ki fara shiga da ita wurin gawa, ki tsayar da ita wajen zuba ruwa tukuna, kuma ki sa ta ci wani abu kafin ku fita.

Saura roƙo ɗaya. Na san ta. In ta kwana biyu a wurinki za ta fara, Umma kaza, Umma kaza. Yanzu da ta koyi wannan darasi za ta yi ƙoƙarin danne bakinta don kada ta ɓata miki. Kada ki bar ta ta danne, Yaya. Ki ce ta faɗa. Ki daure ki saurara, na san abin da nake roƙonki. Sannan ki samu takarda ki rubuto mini duk abin da ta ce, kalma kalma, kada ki rage ko ɗaya.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Haulatu